Yadda ake zaɓen kwamfutar tafi-da-gidanka mara nauyi ba tare da asarar kuɗi ba

Duk wanda ya saba rataya jakar kwamfuta tun da safe, ya shiga A Daidaita Sahu da ita, ya sauka ya taka daga bakin ƙofar makaranta zuwa ɗakin lacca ko ya hau benen ofis, ya san yadda kafaɗa take yin tsami kafin la'asar. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu allo inci 15.6 da aka ƙera tsakanin 2010 da 2015, waɗanda har yau suke hannun ɗalibai da malamai da ma'aikata, nauyinsu yana tsakanin kilo 2.2 da 2.6. Idan aka haɗa da caja da igiyoyinta, kayan da ke cikin jaka yakan tasam ma kilo uku tun ba a sa littafi ko gorar ruwa ba.

Wannan ne yake sa mutane da yawa sha'awar sauya tsohuwar kwamfutarsu da wata mara nauyi. Sai dai sauyin ya zo a lokacin da kayan lantarki suka yi tsada. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma kusan kowace kwamfuta da ke kasuwa da Dala aka shigo da ita. Wanda ya yi kuskuren saye a yau zai daɗe bai sake tara kuɗin wata ba.

Akwai abubuwa uku da kowane mai saye yake so ya samu a tare: rashin nauyi, da ƙarfin aiki, da sauƙin kuɗi. A sabuwar kwamfuta da wuya ukun su haɗu. Mai ƙarfi mara nauyi tana da tsada, mai araha mara nauyi kuma yawanci an rage mata wani abu a ciki. Aikin mai saye shi ne ya gano abin da aka rage, sannan ya auna ko zai iya haƙura da shi.

Inda nauyin yake

Kwamfutar Osborne 1 ta shekarar 1981, wadda tana cikin na farko da aka yi domin a riƙa yawo da su, ta kai kusan kilo 11. A watan Janairun 2008 shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, nauyinta kilo 1.36. Bayan shekara uku kamfanin Intel ya fito da tsarin da ya kira Ultrabook, wanda ya sa sauran kamfanoni suka shiga tseren ƙera sirara.

Hanyoyin da suka bi wajen rage nauyi sanannu ne. An cire ma'ajin faifan DVD. An maye gurbin tsohuwar ma'adanar bayanai mai faifai masu juyawa da wadda ake kira SSD, wadda wani nau'inta bai wuce tsawon yatsa ba. An rage girman allo zuwa inci 14 ko 13.3. An daina yin batirin da ake ɓallewa ta baya, aka mayar da shi ciki. An sauya jikin roba mai kauri da alminiyom ko maganiziyom. Sannan aka koma amfani da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, mai cin wuta wat 15 a madadin mai wat 35, domin mai ƙarancin cin wuta ba ta buƙatar babbar fanka da manyan bututun sanyaya ciki.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da ya tafi da shi. Ƙaramin allo ya kawar da jerin madannan lambobi na gefen dama, wanda akantoci da masu shigar da alƙaluma suke dogaro da shi. Siririn jiki ya kawar da kafar VGA, wadda har yanzu da ita ake haɗa tsofaffin na'urorin haska darasi a bango a makarantu da yawa, wani lokaci har da kafar igiyar intanet. Batirin ciki kuma sai an kwance kwamfutar kafin a sauya shi.

A taƙaice ana iya kasa kwamfutocin gida uku. Masu ƙasa da kilo 1.3 su ne marasa nauyi na gaske, kuma su ne suka fi tsada da wuyar gyara. Masu kilo 1.3 zuwa 1.6, yawancinsu masu allo inci 14, su ne tsaka-tsaki. Masu kilo 1.8 zuwa sama kuma bambancinsu da tsohuwar da ake son rabuwa da ita bai kai a kashe kuɗi a kansa ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi, gida na tsakiya ya fi dacewa, domin a can ne ake rage kusan kilo guda ba tare da an rasa abubuwa masu yawa ba.

Caja ma tana cikin lissafi. Tsohuwar caja mai wat 90 da igiyoyinta biyu takan kusanci rabin kilo, alhali ƙaramar caja ta zamani mai bakin USB-C da wat 65 ba ta kai rabin haka ba. Wanda ya sayi kwamfuta mai kilo 1.2 da babbar caja, da wanda ya sayi mai kilo 1.4 da ƙaramar caja, kaya iri ɗaya suke ɗauka.

Sabuwa mai araha

A shagunan intanet da manyan kantuna akwai sababbin kwamfutoci sirara, masu sheƙi, a cikin kwali, a farashin da yake jan hankali. Da yawansu suna ɗauke da furosesa Celeron, irin N4020 ko N4500, da RAM gigabait 4, da ma'adanar bayanai nau'in eMMC mai gigabait 64.

RAM ita ce filin da kwamfuta take baje aikin da take yi a daidai lokacin. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take karɓa, kuma da zarar an buɗe shafukan intanet bakwai ko takwas tare da Word, kwamfutar takan fara jan ƙafa. Ita kuma eMMC dangin ma'adanar da ke cikin ƙananan wayoyi ce, ba ta kai SSD sauri ba. Windows kaɗai takan cinye fiye da gigabait 20 daga cikin 64 ɗin, sabunta manhaja na wata-wata kuma ya ci gaba da cin sauran. Babbar matsalar ita ce a irin waɗannan kwamfutoci RAM da eMMC a like suke da allon injin, ba a cire su, ba a ƙara su. Yadda aka saye ta haka za ta ƙare.

Wannan ba ya nufin ba su da amfani. Yaron da yake koyon buga rubutu ko yake atisayen jarrabawar JAMB zai iya aiki da su. Amma wanda ya saba da tsohuwar Core i5, ko da ta 2013 ce, zai iya jin kamar ya koma baya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Daga 2023 Intel ya daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin furosesoshin tafi-da-gidanka, ya koma kiran su da lambobi irin N100 da N200. Waɗannan sun fi na baya ƙarfi, kuma idan an haɗa su da RAM gigabait 8 da SSD ta gaskiya suna iya ɗaukar aikin rubutu da bincike. Duk da haka sai an duba takardar bayanin kwamfutar an ga an rubuta SSD ƙarara, domin wasu masu talla adadin gigabait kawai suke faɗa.

Na hannu, ƙirar ofis

Hanya ta biyu ita ce wadda mafi yawan masu saye suke bi a Titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex Plaza a Abuja, da Computer Village a Ikeja ta Jihar Legas, wato sayen ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda ake kira tokumbo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 an riƙa shigo da kimanin tan dubu 60 na kayan lantarki na hannu Najeriya a kowace shekara, mafi yawansu daga tashoshin jiragen ruwan Turai, kuma wani kaso daga ciki ba ya aiki. Ke nan a cikin kayan akwai nagari, akwai kuma shara.

Nagarin su ne waɗanda aka ƙera domin ma'aikatu, kamar ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP. Manyan kamfanoni a Turai da Amurka sukan saye su da yawa, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu, sannan su sayar su sayi sababbi. An yi su da jiki mai jure wahala, masu ƙera su suna wallafa littattafan gyaransu kyauta, kuma saboda yawansu a kasuwa ana samun allonsu da batirinsu da madannansu a wajen masu gyara.

Daga cikin waɗanda suka fito a 2018, ThinkPad X1 Carbon ta wannan shekarar tana da nauyin kimanin kilo 1.1, ThinkPad X280 da Latitude 7390 kimanin 1.2, ThinkPad T480s da EliteBook 830 G5 kimanin 1.3, Latitude 7490 kimanin 1.4, EliteBook 840 G5 kuma kimanin 1.5. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na sikeli. A X1 Carbon da X280, RAM a like take. T480s tana da wani kaso a like da gurbi ɗaya na ƙari. EliteBook 840 G5 tana da gurbi biyu. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi mai gigabait 16 a yau ba, gara ya ɗauki mai gurbi ya fara da 8, ya ƙara daga baya, ko da kuwa zai ɗauki ƙarin giram 200 a kafaɗa. Wanda ya nace sai mafi rashin nauyi kuma, ya tabbatar RAM ɗin da ke ciki za ta ishe shi har ƙarshen rayuwar kwamfutar.

Lambar da ke bayan Core i5

A kasuwa an saba jin ana cewa wannan Core i5 ce, waccan Core i7 ce, kamar sunan kaɗai ya wadatar. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne zubin furosesar, wanda 'yan kasuwa suke kira jenareshon. Ana gane shi daga lambar da ke bin sunan. A i5-7200U, bakwai ɗin farko yana nufin zubi na bakwai. A i5-8250U zubi na takwas ne. A i5-10210U ko i5-1135G7, lambobi biyun farko su ne zubin, wato na goma da na sha ɗaya.

Akwai dalilai biyu da suka sa zubi na takwas ya zama iyaka. Na farko, a 2017 Intel ya ninka sassan da ke aiki a cikin furosesoshin i5 da i7 masu wat 15 daga biyu zuwa huɗu. Saboda haka i5 ta zubi na takwas ta fi i7 ta zubi na shida ko na bakwai mai harafin U ƙarfi, duk da cewa sau da yawa i7 ɗin ake sa wa kuɗi mai yawa saboda suna.

Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kanta ba za ta daina aiki ba, amma an daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba, in ban da wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu amfani na gida wanda aka tsara zai ƙare a watan Oktoban 2026. Windows 11 kuma tana buƙatar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. A ɓangaren kamfanin AMD, abin da ya fi aminci ga mai sayen tafi-da-gidanka shi ne Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama. Wanda yake shiga asusun bankinsa ko yake ajiye takardun aiki a kwamfuta bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba.

A nan akwai tarko biyu. Ana iya ɗora Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta ta hanyar tsallake sharuɗɗan, kuma ana yin hakan sosai, amma Microsoft ya bayyana cewa bai lamunce wa irin waɗannan samun sabuntawa ba. Ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce. Tarko na biyu shi ne wasu daga cikin kwamfutocin 2018, har da EliteBook 840 G5 da Latitude 7490, an fitar da wasunsu da furosesar zubi na bakwai a cikin jiki iri ɗaya. Mai saye ya buɗe sashen bayanin kwamfutar a cikin saituna ya karanta cikakkiyar lambar da idonsa, kada ya dogara da sitikar da ke jiki.

Batir da wutar lantarki

A ƙasar da ko masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, wato rukunin Band A, awa 20 aka yi musu alkawari a rana, sauran kuma ƙasa da haka, batir shi ne rabin kwamfuta. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Kwamfuta mara nauyi da ba ta riƙe caji tana tilasta wa mai ita yawo da caja yana neman soket, amfanin rashin nauyin ya ragu ke nan.

Ana auna girman batir da wat-awa, wanda ake rubutawa Wh. Yawancin kwamfutocin wannan aji suna tsakanin 42 da 60. T480s da X1 Carbon suna da 57, X280 tana da 48, EliteBook 840 G5 tana da 50, Latitude 7490 kuma akwai mai 42 akwai mai 60. Amma wannan adadin ranar da aka ƙera su ne. Batirin litiyom yana raguwa da shekaru da yawan caji, kuma zafi yana hanzarta lalacewarsa.

Windows tana da hanyar bincika wannan a cikin minti ɗaya. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da rahoto mai nuna adadi biyu: abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na farko 57,000 ne na biyu kuma 34,000, saura kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa. Duk batirin da ya sauka ƙasa da kashi 70, ya dace a sa kuɗin sabo a cikin ciniki. Idan kuma aka ga wurin jan yatsa ya ɗago, ko ƙasan kwamfutar ya yi tozo har ba ta zama daidai a kan tebur, batirin ya kumbura, kuma irinsa yana iya kamawa da wuta.

Caji ta kafar USB-C ya cancanci a neme shi musamman. Da shi caja ɗaya za ta yi wa kwamfuta da waya aiki, kuma idan ta ɓace ba sai an nemi mai baki irin na kamfanin ba. Tarayyar Turai ta wajabta wannan kafa ga sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024, ga kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma daga watan Afrilun 2026, abin da ke nuna inda kasuwa ta dosa. Sannan ana iya yi wa irin wannan kwamfuta caji da fawa-bank. Mai 20,000mAh tana ɗauke da kimanin Wh 74, wanda bayan asarar da ake yi wajen juya wuta zai cika batir mai Wh 50 kusan sau ɗaya, matuƙar fawa-bank ɗin tana fitar da wat 45 ko 65. Sai dai ba kowace kafar USB-C ce take karɓar caji ba, wasu na tura bayanai ne kawai. A gwada a shago kafin a biya.

Allo, zafi da ƙura

Idan allo ya ƙanƙance, ingancinsa ya ƙara muhimmanci. Ana samun kwamfuta iri ɗaya da allo biyu, ɗaya mai 1366 x 768, ɗaya mai 1920 x 1080. Na biyun ya fi kaifin rubutu kuma yana nuna layuka da yawa na Excel a lokaci guda. Haka nan allon da ake kira IPS yana nuna launi daidai ta kowace kusurwa, saɓanin nau'in TN wanda yake dusashewa da zarar an karkata kai. Mai raunin ido ya zauna ya karanta shafi guda a allon inci 13.3 kafin ya yanke shawara, domin wasu ba sa sabawa da shi.

Madannai ma a dube su. Kwamfutocin da suka fito daga Faransa suna da jerin AZERTY, wanda shi ne aka saba da shi a Jamhuriyar Nijar, na Jamus kuma QWERTZ, alhali a Najeriya QWERTY aka sani. Wasu masu sayarwa sukan liƙa sitika a kan madannan, wadda take gogewa bayan 'yan watanni.

Siririyar kwamfuta tana da ƙananan kafofin iska. Kamfanin Apple, alal misali, yana ba da shawarar a yi aiki da kwamfutocinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin watan Afrilu yakan haura 40. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Idan zafi ya yi yawa furosesa tana rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. Maganin shi ne a guji ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, kuma a kai ta a share mata fanka bayan kowane hunturu.

MacBook da Chromebook

MacBook Air mai furosesar M1, wadda ta fito a watan Nuwamban 2020, tana da nauyin kilo 1.29, ba ta da fanka kwata-kwata, kuma batirinta yana daɗewa fiye da na yawancin takwarorinta. Ta hannunta ta fi ƙirar ofis ta 2018 tsada. Ba a ƙara mata RAM ko ma'adana, kafofin USB-C biyu kawai gare ta, kuma ba a ɗora mata Windows kai tsaye, don haka mai amfani da manhajar da sai a Windows take aiki ya bincika tukuna. Tsofaffin MacBook masu furosesar Intel kuma kwanansu ya kusa ƙarewa, domin Apple ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kansu. Duk MacBook ɗin da za a saya, sai an tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba tana iya kullewa.

Chromebook tana da araha da rashin nauyi, kuma Google ya tsawaita sabunta manhajarta zuwa shekara goma ga waɗanda aka fitar daga 2021. Amma an gina ta ne a kan aiki da intanet, kuma ba ta ɗaukar manhajojin Windows. Akan ga waɗanda aka sauya wa manhaja aka ɗora musu Windows ana sayarwa da arha. Yawancinsu RAM gigabait 4 ne da ma'adana gigabait 16 ko 32, kuma sau da yawa lasifika ko wani sashe ba ya aiki daidai bayan sauyin.

Abin da za a duba a shago

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya ware aƙalla rabin awa, kuma idan bai san kan kwamfuta ba ya tafi da wanda ya sani, wanda ba shi da kaso a cinikin. Da farko a shiga BIOS lokacin da kwamfutar take tashi a tabbatar babu kalmar sirri, domin wasu kwamfutocin ma'aikatu suna zuwa a kulle kuma cire kullen yana da wuya. A kwafi lambar da ke ƙasan kwamfutar a sa a shafin kamfanin da ya ƙera ta, a ga shekararta da abin da ta zo da shi.

Daga nan a buɗe murfi a rufe sau da dama a ji ko maƙallan sun yi sako-sako. A buɗe farin shafi da baƙin shafi a nemi ɗigo ko layi a allo. A danna kowane madanni. A gwada kyamara da makirfo da lasifika da Wi-Fi da kowace kafa. A cire caja a kunna bidiyo na minti 20, a ga kashi nawa batir ya sauka, a kuma saurari ƙarar fanka. A ɗaga kwamfutar tare da cajarta a hannu ɗaya, in da sikeli a kusa a auna.

Rasit ya ƙunshi sunan shago, da samfurin kwamfutar, da lambarta, da adadin kwanakin gwajin da aka amince a kai a rubuce. Wannan takarda ita ce kariyar mai saye idan kayan ya lalace, haka kuma idan daga baya aka ce na sata ne. Kwamfutar da wani ya tare mutum da ita a bakin kasuwa da rabin farashi, ba rasit ba shago, a bar ta.

Tsohuwar fa?

Shaguna da yawa suna karɓar tsohuwa a yi ciko. Kafin a miƙa ta a kwashe takardu da hotuna, a fita daga asusun imel da na banki. Goge fayil a tsohuwar ma'adana mai faifai ba ya kawar da shi gaba ɗaya, masu gyara suna iya dawo da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire ma'adanar a sa ta cikin ƙaramin gida mai igiyar USB, ta zama wurin ajiya na biyu. Idan kuɗin da aka taya bai taka kara ya karya ba, gara a bar ta a gida ta zama ta tebur. Da SSD da manhajar Linux, irin Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, tana iya ƙara shekaru tana yi wa yara aiki.

Akwai kuma waɗanda sauyin bai dace da su ba. Masu tace fim, da injiniyoyi da masu zanen gine-gine da ke aiki da manyan manhajoji, suna buƙatar katin sarrafa hoto na daban da fanka mai ƙarfi, kuma mara nauyi mai irin wannan ƙarfi ta fi ƙarfin ƙaramin kasafi. Haka nan wanda daga gida sai ofis yake zuwa, yana iya sayen caja ta biyu ya ajiye a wurin aiki, ya sauya jakar rataye da ta goyo mai hannu biyu, ya samu sauƙi da kuɗi kaɗan.

Ga sauran, jerin abin nema bai da tsawo: allo inci 14 ko 13.3, nauyi tsakanin kilo 1.3 da 1.5, furosesa daga zubi na takwas zuwa sama, RAM gigabait 8 da damar ƙari, SSD gigabait 256 ko fiye, batirin da rahotonsa ya haura kashi 70, da caji ta USB-C. Wanda ya samu waɗannan zai sauke kayan jakarsa daga kusan kilo uku zuwa kilo ɗaya da rabi ko ɗan sama da haka. Idan kuɗi bai kai a haɗa su duka ba, a sassauta a kan nauyi da kyawun jiki, a riƙe zubin furosesa da lafiyar batir, domin giram 200 kafaɗa za ta saba da shi, amma furosesar da ta tsufa ba a sauya ta. Sayen nagari, in ji masu iya magana, mayar da kuɗi gida ne.